Homon da Hausa: me zai hana mu ce "sinadarin saƙo"?

Duk wanda ya tashi yin bayani da Hausa a kan abin da sanyi ke yi wa jikin ɗan Adam yakan tarar da "garkuwar jiki" a shirye, domin ta riga ta zauna a bakin mutane, amma da zarar ya iso kan homon, wato sinadarin da wani sashen jiki ke saki cikin jini don ya sarrafa aikin wani sashen, sai ya rasa madafa. Wasu sukan rubuta "ƙwayoyin halitta", kuma wannan kuskure ne, saboda tuni aka ba wa abin da ake gada daga iyaye wannan suna. Wasu sukan ce "sinadarin jiki", alhali gishiri da sukarin da ke cikin jini ma sinadaran jiki ne.

Shawarata ita ce "sinadarin saƙo", kuma sanyi ne ya fi fito da hujjata fili. Idan mutum ya shiga ruwa mai tsananin sanyi, jiki yakan saki wani homon mai suna noradirenalin, wanda ke kai umarni ga jijiyoyin jinin da ke kusa da fata cewa su tsuke don kada ɗumi ya zurare, ya kuma sa kitse mai launin ruwan ƙasa ya ƙone ya samar da zafi. Wani bincike da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa zaman awa ɗaya cikin ruwa mai maki 14 a ma'aunin Salshiyos ya ɗaga wannan sinadari a jini da kashi 530 cikin ɗari. Shi kansa Ernest Starling, masanin Ingila da ya fara amfani da kalmar homon a 1905, masu kai saƙo ya kira irin waɗannan sinadarai. Na kauce wa "manzo" saboda nauyin da take da shi a addini.

Kalmar "saƙo" tana da wani amfani idan aka zo kan garkuwar jiki, domin tana tunatar da mai karatu cewa ba kowane saƙo ne ke cewa a tashi ba; homon ɗin kotisol, alal misali, umarnin lafawa yake kai wa garkuwar. Saboda haka bai kamata mu riƙa rubuta cewa sanyi "yana ƙarfafa garkuwa" kai tsaye ba. A gwajin da aka wallafa a 2016 a ƙasar Holan, mai ɗauke da mutane fiye da 3,000, masu ƙarasa wanka da ruwan sanyi sun rage fashin aiki na rashin lafiya da kashi 29 cikin ɗari, amma yawan kwanakin da suka yi ba su da lafiya bai ragu ba.