Neman kalma: me za mu kira gwajin da ake yi wa ɗaliban likitan dabbobi a-kai-a-kai?

1/ Jama'a, a taya ni. Ɗaliban likitan dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna da jarrabawar takarda, suna kuma da wadda malami ke tsayawa a kansu yana kallon hannunsu: yadda za a kayar da bijimi a ɗaure shi, ɗiban jini daga jijiyar wuyan akuya, ɗinke rauni, sa safar hannu ta tiyata ba tare da an gurɓata ta ba. Ba sau ɗaya ake yi ba, duk tsawon zangon karatu ne. Ina sunanta da Hausa?

2/ Wani nau'inta shi ne wanda ɗalibai ke kira "oski" (OSCE a rubutun Turanci). Ronald Harden da abokan aikinsa suka fito da shi a birnin Dundee na Sikotilan, suka wallafa a 1975, don likitocin mutane, daga baya na dabbobi suka ara. Ɗalibi yana zagaya tashoshi, kowace da aikinta da 'yan mintunanta, ƙararrawa na kaɗawa ya matsa gaba.

3/ An ce "jarrabawar aikin hannu". Ban gamsu ba, mai ji zai ɗauka saƙa ce ko sassaƙa. "Gwajin ƙwarewa" ya fi, amma bai nuna maimaici ba.

4/ Ni na tsaya a kan "awon ƙwarewa". Dalilina awon ciki: mai juna biyu ba ta zuwa awo don a kayar da ita, tana komawa ne a ga yadda abu ke tafiya, in da matsala a tare ta da wuri. Haka wannan gwajin ya kamata ya zama. Abin da ke damun ɗalibai idon malami ne da ƙarancin lokaci, har hannu ya riƙa rawa. Amma wanda aka gyara wa riƙon allura a makon farko ya fi wanda sai ranar ƙarshe zai ji ya faɗi, kuma shanun makiyaya ne za su amfana. Kalmar "jarrabawa" kanta tana ƙara fargaba.

5/ Oski kuwa sai mu ce "awon ƙwarewa na tasha-tasha". Malamai da ɗaliban asibitin dabbobi, ya hau bakinku? 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku ma ku faɗa mana yadda kuke cewa.