Ɗakinmu ya koma gidan burodi, ya zan yi da zafin kwanon nan?

Abban Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar gini a taimaka min da shawara. Bara na tare a gidan da na gina a Kano, bulo ne inci 6, rufin kwano, silin PVC. Tunda Afrilu ya kama bacci ya gagare mu, ƙarfe 11 na dare in ka ɗora hannu a bangon yamma sai ka ji kamar tandar waina, fanka kuma hucin zafi kawai take watso maka. Na ci bashi na sa AC amma katin mita ba ya kwana biyar, kuma da an ɗauke wuta kafin ka juya ɗakin ya koma yadda yake. Uwargida ta kwashe yara sun koma kwanan tsakar gida ga sauro. Meye mafita banda rushe gidan?

Mai Awo:
Wa alaikumus salam Malam. Ba AC ɗinka ke da laifi ba, sanyin da kake saya da kuɗinka ne gidan ba ya iya riƙewa, zafi kuma ta sama yake sauko maka. PVC ɗan siriri ne, ado ne kawai. Ka samu kafinta ya leƙa cikin silin da azahar, wlh ba zai yi minti biyar ba zai sauko jiƙe sharkaf. Abu na farko a buɗe wa zafin hanyar fita, ramukan iska a gefe biyu na rufin masu kallon juna, a sa musu raga saboda jemage da ɓera. Sannan a shimfiɗa audugar gilas, wadda 'yan kasuwa ke ce wa faiba, a bayan silin ɗin, kauri kamar inci 4, kar a danne ta don iskar da ke cikinta ita ke aikin, mai sawa kuma ya rufe hanci da hannu don tana da ƙaiƙayi. Ita kuwa takardar alminiyan mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano don tare zafi, sai an bar wa gefenta mai ƙyallin rata ta iska, in aka matse ta ta kowane gefe ba rata asarar kuɗi ce. Ka guji farin soson da ake cusawa a kwalin firji, yana tare zafi amma in waya ta yi tartsatsi sai dai Allah ya kiyaye.

Dattijon Zazzau:
Ɗana ai mu muka jawo wa kanmu. Gidan da aka haife ni na ƙasa ne, rufin soro da azara, kaurin bango ya kai kamu guda, da rana tsaka ka shiga zaure kamar ka sa kai cikin randa, da hunturu kuma ɗumi. Laka a hankali take shan zafi, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Je ka Gidan Makama nan kusa da kai ka tsaya cikin ɗakunan, ko ka zo Zariya ka ga tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Yanzu kowa ya ce ginin ƙasa talauci ne, toh ga shi nan. Yaɓe duk shekara dai akwai wahala, wannan ban musa ba.

Maman Sadiq:
Yaya ni ban da kuɗin faiba, farin fenti muka shafa wa kwanon kuma mun ji bambanci, sai dai ƙurar hunturu na dusar da shi sai an wanke. Bangon yamma kuma rumfar zana muka kafa masa muka dasa darbejiya nesa kaɗan saboda saiwa. Taga a rufe da labule mai kauri tun hantsi, sai bayan isha'i a buɗe. Kuma ka duba ƙasan ƙofa, namu yatsa biyu ke shiga, tsohon bargo na naɗe na toshe.

Abban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba ai na ji a jikina. Mai Awo ɗakin kwana ɗaya zan fara tukunna, ƙafa 12 da 12 ne, nadin faiba nawa zai ishe ni, kuma PVC ɗin zai ɗauki nauyinta ko sai an ƙara katako?