Dattawa na ƙin tsayawa in ɗauke su hoto

Mai Kyamara:
Salamu alaikum. Wata shida ke nan ina ɗaukar hotunan dukawa da majema a cikin garin Sakkwato. Da na ɗaga kyamara sai dattawa su murtuke, wani ma cewa ya yi Turawa zan sayar wa. Ina mafita?

Dattijon Kanwuri:
Yaro, ka gaida mai unguwa tukuna? Yi kwana biyu kana zuwa hira hannu sake.

Ɗan Mabera:
Wanke hoton ka kai masu kyauta. Na kakana har yau yana rataye a shagonsa. Kuma ka je da hantsi, ranar azahar tana sa mutum kanne ido, inuwar rawani ta cinye fuska.

Mai Kyamara:
Allah shi saka, Baba. Wallahi ban gaida kowa ba.