Neman shawara: zafin hayaƙin Land Cruiser ɗina ya kai digiri 620 bayan an sa mata tabo (turbo)

Na-Aliero:
Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da bakanikai, don Allah ina neman shawara. Ina da Land Cruiser fikof mai injin 1HZ, ina ɗaukar albasa daga Aliero, wani lokaci shinkafa daga Argungu, na bi ta Jega da Koko har Yauri, wani zubin kuma Zuru. To da ma injin na gas ne, ba shi da tabo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, kuma in na yi lodi ba ta ja, sai wani bakanike ya sa mani tabo ya kuma buɗe famfon da ke ba inji mai ya ƙara mai, gaskiya mota ta canza tana tashi kamar ba ita ba, amma baƙin hayaƙi take zubarwa in na taka totur har na baya ba ya ganin hanya. Ɗan yayana ya yo mani odar geji mai auna zafin hayaƙi aka ɗaura, a miƙaƙƙiyar hanya yana nuna 350 zuwa 400, amma in na kama hawa da lodi wajen Zuru da rana tsaka sai ya haura 620. Bakaniken ya ce kar in damu tunda allurar ruwa tana tsakiya ba obahitin. Ni dai hankalina bai kwanta ba, motar nan ita ce abincin gidana.

Oga Gareji BK:
Wa alaikumus salam. Kafin komi Alhaji, ina aka huda aka sa bakin gejin? Jikin manifol, wato bututun da hayaƙi ke fara bi in ya fito daga inji, kafin tabo, ko bisa bututun salansa bayan tabo? Amsar duk tana nan.

Na-Aliero:
Bayan tabo ne Oga, wanda ya ɗaura ya ce nan ya fi sauƙin hudawa.

Oga Gareji BK:
To ka ji inda matsalar take. Tabo da zafin hayaƙi da ƙarfinsa yake juyawa, saboda haka kafin hayaƙin ya fita ta bayansa ya riga ya huce, bambancin yana kai digiri 100 zuwa 200, kuma lokacin da kake cikin hawa da lodi shi ne lokacin da bambancin ya fi yawa. Wannan 620 da kake gani, a bakin inji ka ɗauka 750 ne ko ma fiye. Yadda muke yi, in geji na gaban tabo kar a daɗe sama da 650 zuwa 700, in na bayan tabo ne kar ya wuce 500 zuwa 550. Fistin ɗinka alminiyam ne, shi kuwa alminiyam wajen 660 yake narkewa. Ba wai da hayaƙi ya kai haka nan take fistin zai narke ba, baƙin mai da ruwa suna ɗauke masa zafi, amma in ka riƙe shi minti biyar minti goma kana hawa to zafin yana taruwa, sai gefen fistin ya fara ci, ringi ya maƙale.

Kuma 1HZ ba a yi shi don tabo ba, yadda yake matse iska a silinda ya haura ninki 22, kuma akwai wasu 'yan kofuna cikin kan inji inda nozul ke fesa mai, zafi ya yi yawa tsagewa suke, in guntu ya faɗo kan fistin sai dai a sauke inji. Wanda Toyota ta yi da tabo daga kamfani shi ne 1HD-T, shi fistin ɗinsa daban ne. Maganar allurar ruwa kuma ka bar ta, ita zafin ruwan lagireto take aunawa kuma a hankali take motsi, hayaƙi kuwa cikin daƙiƙa kaɗan yake tashi, kafin allura ta ce komi aikin gama ya gama.

Ɗan Kamba:
Ni hwa ban yarda a rage mai ba. Mu abin da munka sani in mai ya yi ƙaranci shi ka sa inji zahi, hayaƙin ga ai alamar ƙarhi na.

Malamin Fasaha:
Ɗan Kamba wannan a injin fetur ne, can in mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa sai ya ɗau zafi. Injin gas akasin haka yake, da ma da iska mai yawa yake aiki, ƙara mai shi ke ƙara wuta. Baƙin hayaƙin nan man da bai samu iskar ƙonewa ba ne, wani ma yana fita yana ci har cikin manifol, kuɗin Alhaji ne ke tashi sama, ga tsadar gas yanzu.

Ɗan Kamba:
To Malam na ji, amma dai Hilux ɗina shekara nawa tana hayaƙi ba abin da ya same ta.

Baban Hajara:
Kai da buhu nawa kake ɗauka Ɗan Kamba, daga kai sai kajin amarya. Alhaji ni abin nan ya taɓa cina, Hilux mai injin 2KD aka taɓa mani kwamfutarta aka ƙara ƙarfi, watan Afrilu ne ana zafin nan da ya wuce 40, na cika lodi na sa giya biyar ina danne totur har ƙasa don ƙyashin canza giya, ban ankara ba sai ƙara da farin hayaƙi, da aka buɗe fistin ɗaya ya tsage. Abin da na koya da kuɗina shi ne, in ka ga geji na hawa ka sauko giya, inji ya yi juyi da sauri ya ja iska, kuma ka ɗan ɗaga ƙafa, za ka ga lambar na sauka a gabanka. Babbar giya da totur a ƙasa shi ke dafa inji.

Oga Gareji BK:
Haka ne. Alhaji ga abin da zan yi in tawa ce. A fara duba eyakilina, wato matatar iska, ƙurar hunturu da ta hanyoyinmu tana toshe ta, iska ta ragu zafi ya hau, sannan a bi tiyo ɗin tabo duka da kilif a ga ko iska na zurarewa, in ka ji fito ko ka ga baƙin mai ya jiƙa mahaɗa to nan ne. Bayan nan a kai famfo wajen masu saiti a rage mai har hayaƙin ya koma ɗan kaɗan lokacin tashi kawai, su duba nozul da taimin, wato lokacin fesa mai, don taimin in ya yi baya shi ma yana ƙara zafi. In da hali ka sa intakula mai sanyaya iskar tabo, da salansa mai inci 3. Bakin gejin kuma a mayar da shi manifol, amma a cire manifol ɗin kafin a huda, kar ɓarɓashin ƙarfe ya shiga tabo. Sai in ka iso daga tafiya kar ka kashe nan take, bar ta a silo minti biyu ko uku, in ba haka ba baƙin man da ke cikin tabo yana ƙonewa ya daskare.

Na-Aliero:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na buɗe eyakilina wallahi kamar an tono ta daga rami, na sayi sabuwa. Amma ina da lodin albasa jibi zuwa Yauri kuma kafin nan ba zan samu kai famfo ba, in tafi ko in bari?

Oga Gareji BK:
Hanyar Yauri ba hawa sosai, ka tafi, amma ka rage buhu kaɗan, ka fita bayan asuba kafin rana ta yi, idonka kan geji, da ya taɓa 500 ka sauko giya. Zuru kam a bari sai an taɓa famfon.