Aikin talabijin kai tsaye a Hajji: idan abu ya faru ba zato

Ƙanwarku a Jidda:
Assalamu alaikum. Ku da kuka yi aikin talabijin kai tsaye lokacin Hajji, idan abu ya auku ba shiri, ya kuke yi? Ƙanena zai fara bana, gabansa sai faɗuwa yake.

Mai kyamara, Makka:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ranar Arfa ta 2024, 15 ga Yuni, ba zan manta ba. A makon ne zafi ya haura digiri 51 a Harami. Na ɗora kyamara kan wani dattijo, ya ɗaga hannu yana addu'a, hawaye har gemu. Sai na ga lemarsa ta karkace, ƙafarsa na rawa. Kafin ya kai ƙasa, furodusa ya ce min a kunne, "Sake shi!" Nan take ya koma kyamara ta biyu, wadda ke nuna Jabalur Rahma daga nesa. Na ji haushi a lokacin, don hoton ya yi kyau ƙwarai. Daga baya ya tambaye ni, da mahaifina ne, zan so iyali a Kano su fara gani a talabijin? Na rasa bakin magana. Dattijon dai ya farfaɗo bayan an yayyafa masa ruwa.

Tsohon furodusa, Madina:
Yarinyata, ki ce masa kyamara ɗaya ta zauna kan hoto mai faɗi, kada ta motsa ko da me. Ita ce mafaka. Ya kuma ajiye hoton ɗawafi na minti biyu a shirye, saboda na'urar tura hoto tana ɗaukar zafi ta mutu, ko layi ya cushe a Mina.

Mai gabatarwa, Jidda:
Ni nawa a tantin Mina ne. Na miƙa wa wani alhaji makirufo ya gaida gida, sai ya hau faɗa kan abinci, har ya fara kama suna. Muna da jinkirin 'yan daƙiƙu kafin shirin ya isa ga masu kallo, aka kashe muryar daidai wurin sunan, ƙorafin kuma aka bar shi ya fita, don gaskiya ya faɗa. Ni dai hannuna na kan kafaɗarsa, ina ta "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji."

Ƙanwarku a Jidda:
Baba na Madina, in furodusa da mai kyamara suka saɓa fa, wa ake bi?

Tsohon furodusa, Madina:
Furodusa, ba gardama. Shi ke ganin allunan da ke nuna hoton kowace kyamara. Musu sai an gama watsa shirin.