Hannun jarin da ba mai saye

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wace manhaja ce ba ta takura wa mutum a kan sayen hannun jarin ƙananan kamfanoni? Tawa ta ƙi karɓar odata a kan wani mai kobo 60, wai sai na rubuta farashin da nake so da hannuna, kuma ta ƙayyade min adadi.

Na Jekadafari: Wa'alaikumussalam. Godiya ya kamata ka yi musu.

Baban Ummi: Da kuɗina?

Alhajin Kumo: Ƙanena, ni tawa ba ta hana ni ba, ji yadda aka ƙare. Wani kamfani na gani kullum kore, kullum ya hau kashi 10. Na danna a saya min a farashin kasuwa. Ashe abin da ke kan farashin allo ɗan kaɗan ne, sai oda ta riƙa hawa tana kwasar na sama, ta cika da tsadar da ban yi niyya ba. Wannan ma da sauƙi. Da damina ta kawo jiki ina neman kuɗin taki, na sa shi a kasuwa. Gefen masu sayarwa layi har ƙasa, gefen masu saye fayau, ko mutum ɗaya. Kullum in rage farashi, kullum in tarar wasu sun riga ni. Manhaja kuwa tana nuna min dukiyata lafiya lau, lamba ce kawai a waya. Ana cikin haka kamfanin bai miƙa rahoton kuɗinsa a kan lokaci ba, aka dakatar da cinikinsa. Na kira dillalin, yarinyar ta ce "Alhaji sai dai haƙuri, ba daga wajenmu ba ne." Tumaki biyu na sayar na sayi takin.

Maman Walida: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Malamin Lissafi: Amin. Ku raba abu biyu. Iyakar kashi 10 sama ko ƙasa a rana dokar NGX ce, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, ko wace manhaja ka koma tana nan. Haka ƙa'idar da aka kawo a 2019, cewa sai cinikin ya kai hannun jari guda 100,000 kafin farashi ya motsa. Shi ya sa za ka ga farashi ya yi wata a tsaye, ba don kamfanin na da ƙarfi ba, ba a ciniki ne. A da kobo 50 ne ƙasan farashi, a 2018 aka cire shingen, don haka kar ka ce mai kobo 60 ba shi da inda zai faɗa. Tilasta rubuta farashi da ƙayyade adadi kuwa na dillalinka ne.

Na Jekadafari: Shiga kamar shan ruwa.

Ɗan Bajoga: Mu nan mun ga irinta. Da kamfanin simintin Ashaka ya fita daga kasuwar a 2017, dattawa da yawa takardunsu na cikin akwati, ba su ma san lambar CSCS ba, wato lambar asusun da ake ajiye wa mutum hannun jarinsa.

Malamin Lissafi: Wannan daban ne, Lafarge, uwar kamfanin Ashaka, ya yi wa masu ƙananan hannun jari tayi.

Ɗan Bajoga: Tayin da aka buga a jaridar Legas? Wa ya karanta wa tsohon da ke Jalingo Ashaka?

Ustaz: Kafin a je nan, shi kamfanin me yake yi? Kada inshora ce ko giya.

Baban Ummi: Haba Ustaz.

Ustaz: Tambaya na yi. Masu kobo-kobon nan da yawa inshora ne. Ka duba jerin NGX Lotus Islamic na kamfanonin da suka dace da shari'a, ko ka tsaya a Jaiz.

Modu: Bafullatani da manhaja! Ka koma wa shanunka, su ko Talata ko Juma'a akwai mai taya.

Baban Ummi: Babarbare ya samu data yau.

Maman Walida: Ni na Amurka nake ɗan taɓawa. Can ma kamfanonin da ba sa kan babbar kasuwa, wani a manhajata sai dai ka sayar, ba a barin ka ƙara saye.

Alhajin Kumo: In ka nace, buɗe shafin masu saye ka duba sati guda tukuna. Abin da za ka saya kada ya wuce abin da ake cinikinsa a yini. Kuma ka duba sunan dillalin a shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.

Baban Ummi: To na ji. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni sunan manhaja.

Modu: Wai nawa buhun masara yau a Tudun Hatsi?