Na'urar ɗuma ruwa ta fara yoyo: in gyara ko in sayi sabuwa?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar masu sanin aikin pampo da na kuran, wato lantarki. A gidanmu nan Zango, cikin Damagaram, akwai na'urar ɗuma ruwa mai cin lita 50, ta jima tana aiki. Yanzu ruwan ba ya wuce ɗumi-ɗumi, ƙarƙashinta kuma yana ɗiga, ruwan da jan tsatsa.

Mai gyara ya buɗe ya ce ƙarfen da ke zafafa ruwan ya ƙone, farar ƙasa ta daskare a jikinsa. A cewarsa, idan aka ɗauke ruwan pampo, tankin ya zama wayam alhali tana kunne, ƙarfen kan ƙone nan take. Kun dai san yadda ruwa ke yi mana a garin nan. Ya ce a canza ƙarfen, a kuma canza roba mai hana yoyo, shi ke nan.

Abin da ya tsaya mini shi ne tsatsar. Idan daga bakin roba ruwan ke fita, gyara mai sauƙi ne. Idan kuwa tankin ne ya huje, na ji walda ba ta riƙe shi, kuɗin gyaran sun tafi a banza. Ta yaya zan bambance kafin in biya?

Ga hunturu ya ƙarato, Hajiya ba ta jure ruwan sanyi da asuba. In sabuwa ce mafita, mai aiki da hasken rana za ta jure ƙurar hunturu da yankewar ruwa, ko in tsaya ga ta kuran? Allah ya saka da alheri.